Yadda Ake Ciyar da Jariri Ba Tare da Ɗura Ba

Ƴar'uwa mai goyo, tun kafin jariri ya iya magana yana gaya miki abin da yake so. Yadda kike amsa masa yana tasiri ga cinsa da girman ƙwaƙwalwarsa.

Da farko ki san alamun yunwa. Idan ya soma juya kai, yana buɗe baki, yana tsotsar yatsu, ki ba shi nono. Kuka shi ke zuwa a ƙarshe, kuma wanda ya ɓarke da kuka ba ya kama nono sosai sai an rarrashe shi.

Na biyu, wata 6 na farko nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ko a zafin watan Afrilu na Maradi ba ya bukatar ruwa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne.

Na uku, in kina shayarwa ki ajiye salula, ki dube shi, ki yi masa magana. Ya yi gwaranci, ki mayar masa; ta haka yake koyon harshe. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, amma kada ta hana ki yi wa ɗanki murmushi a cikin ɗaki.

Na huɗu, ya cika wata 6 ki fara kunun gero mai kauri da garin ƙuli-ƙuli ko na zogale, sau 2 zuwa 3 a yini, daga wata 9 sau 3 zuwa 4, nono kuma har shekara 2. Ki ware masa kwanonsa. In ya kawar da kai ko ya rufe baki, ki dakata, ki sake gwadawa an jima. Don Allah a bar ɗura. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya kai kunun cikin huhu, kuma yana sa shi tsoron abinci. Na san tsoron rama ke sa iyaye mata yin haka, sai dai yaron da ya saba da ɗura, da ya hango cokali sai kuka.

Na ƙarshe naka ne, Malam maigida, da ke Inna kaka. Uwar da damuwa ta yi wa yawa nononta ba ya saurin zubowa. Ku rage mata daka da ɗibar ruwa. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bayan haihuwa, ko yaro ya ƙi ci yana ramewa, ku kai su likita mafi kusa a duba su.