Kuɗin cefane a ƙasar waje: inda yake zurarewa da yadda za a tare shi

Duk wanda ya sauka da iyalinsa a Turai ko Amurka, cikin wata guda zai gane cewa yawancin kuɗin da ke fita daga hannunsa ba shi da ta cewa a kansu. Haya an riga an sa hannu. Kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki kamfani ne ke yankewa, haka na mota ko jirgin zuwa aiki. Abu ɗaya da ya rage a hannun maigida da uwargida shi ne cefane, shi ya sa da an ji matsi nan ake fara kai wuƙa. Abin da ke damuna shi ne inda ake yankewa. Sai a janye 'ya'yan itace, a rage madarar yara, a koma cika ciki da biredi da taliya, alhali kuɗin yana ta zurarewa ta wasu kafofin da ba a ko waiwaya ba. Ana iya rage kuɗin cefane sosai ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba, amma sai an fara sanin inda yake tafiya.

Saboda haka a watan farko kada ku rage komai. Ku tara rasit kawai. Ku samu kwali ko ambulan ku ajiye a kicin, duk wanda ya sayo wani abin ci ko sha ya jefa takardar ciki, har da ruwan lemon da aka saya a tasha da madarar da aka fita nema da dare. Bayan mako huɗu ku zauna ku biyu ku haɗa, ku raba gida huɗu. Abin da ya fito shi ne ainihin cefanenku na mako. Gidaje da yawa suna zaton babbar sayayyar ƙarshen mako ce ke cinye su, sai rasit ya nuna cewa 'yan shige da ficen tsakiyar mako ne: an shiga sayen biredi ɗaya, an fito da leda cike. Wannan zama na mutum biyu ne. Idan ɗaya ne ke riƙe da katin banki, ɗaya kuma ke girki, ba su kuma taɓa duba lissafin tare ba, to zargi ne zai shigo, wannan na ganin ana almubazzaranci, waccan na ganin ana maƙo.

Ku kuma daina juya farashi zuwa kuɗin gida a zuci. Kowane sabon zuwa yana yi, kuma ba ya haifar da komai sai tashin hankali a gaban kanta. Da kuɗin ƙasar ake biyanka, da shi za ka auna. Tambayar da ke da amfani ita ce kashi nawa na albashin ke tafiya a abinci, kuma ya yake idan an kwatanta da watan jiya. Farashi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Birtaniya hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin 100 a watan Maris na 2023, abin da aka yi fiye da shekara 40 ba a gani ba. Wanda ya zo kafin lokacin ya faɗa maka abin da yake kashewa a da, lissafinsa ba zai yi maka aiki yau ba.

Wurin sayayya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙaramin shagon kan kwana da ke buɗe har tsakar dare yana da ranarsa, amma tsadarsa kuɗin kusanci ne. Aldi da Lidl, kantunan Jamus da suka bazu a Turai har suka shiga Amurka, suna sauƙaƙa farashi ne saboda nau'in kayansu kaɗan ne kuma yawanci da sunan kantin ake yin su. Shinkafa a buhu, busasshen wake da kayan ƙamshi kuwa, galibi shagunan 'yan Indiya, Pakistan, Turkiyya da Larabawa sun fi manyan kantuna sauƙi nesa ba kusa ba, musamman kayan ƙamshi da babban kanti ke sayarwa a 'yar kwalba. Kasuwar fili ma tana karya farashin kayan lambu idan an kusa tashi. Sai dai a sa kuɗin mota da lokaci a lissafi. Zagaya kanti huɗu don ragin da bai kai kuɗin tikiti ba wahala ce kawai. Wuri biyu sun isa: ɗaya na mako-mako, ɗaya na wata-wata.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya koya tun ranar farko. A jikin kanta, ƙarƙashin kowane kaya, akwai 'yar takarda mai farashi da manyan lambobi. A gefenta ko a ƙasanta akwai wani farashin da ƙananan lambobi, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya, lita ɗaya ko giram 100. Wannan ƙaramin rubutu shi ne gaskiyar magana. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya doka ce ta wajabta shi a manyan kantuna, a Amurka kuma ya danganta da jiha. A ce ga kwali mai giram 500 a kan Yuro 2, ga wani mai giram 750 a kan Yuro 3.30 an rubuta masa da jan rubutu cewa na iyali ne. Ido zai tafi kan babban. Amma kilo ɗaya na ƙaramin Yuro 4 ne, na babban kuwa 4.40. Ba kullum babba ke fin araha ba. Da wannan rubutun ne kuma za ka kama kamfanin da ya rage nauyin kaya ya bar farashi da girman kwali yadda suke. Abin ya yi yawa har Faransa ta tilasta wa manyan kantuna, daga watan Yuli na 2024, su liƙa sanarwa a kan irin waɗannan kaya. Ka riƙa sunkuyawa kuma. Kaya masu tsada ake jerawa daidai ido, masu sauƙi suna can ƙasa kusa da gwiwa. Gari, sukari, gishiri, man girki, tumatirin gwangwani da taliya masu sunan kantin ba su da wani aibu. Ku gwada ɗaya-ɗaya, wanda iyali suka ƙi ku koma wa na da.

Katin kanti kyauta ne, kuma a wasu wuraren farashi biyu ake rubutawa, na mai kati da na marar kati, kamar Clubcard a kantin Tesco da Nectar a kantin Sainsbury's na Birtaniya. Ku karɓa. Amma garabasar “sayi biyu a ba ka na uku” riba ce kawai idan da ma za ku ci ukun kafin su lalace. A Amurka da Kanada kuma ku sani ba a haɗa haraji a farashin kanta, sai a wurin biya, ko da yake ɗanyen kayan abinci a wurare da yawa ba a ɗora masa.

Sai maganar kwanan wata, wadda ke sa mutane zubar da abinci mai kyau, wani lokacin kuma cin wanda bai kamata ba. A Turai iri biyu ne. Wanda aka rubuta “use by” na lafiya ne, ana sa shi a ɗanyen nama, kifi, kaza da makamantansu. Idan ranar ta wuce kada a ci, ko da bai yi wari ba, domin ƙwayoyin cutar da ke kwantar da mutum ba a jin warinsu. Wanda aka rubuta “best before” na inganci ne kawai. Biskit, taliya, shinkafa, gwangwani da gari suna nan lafiya bayan ranar muddin an adana su da kyau kuma ba a fasa ba, sai dai ɗanɗano ya ɗan ragu. A Jamus na farkon shi ne “zu verbrauchen bis”, na biyun “mindestens haltbar bis”. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai amfana da kayan da ake liƙa wa takardar rangwame da yamma idan ranarsu ta gabato. A Birtaniya takardar rawaya ce galibi. A Jamus, inda kantuna ke rufe ranar Lahadi, yammacin Asabar ne lokacin dubawa. Ka sayi kazar da ranarta ta ƙare yau a rabin kuɗi, ka dafa ta yau ko ka jefa ta firiza kafin dare, ba ka yi asarar komai ba.

Firiza ita ce babbar abokiyar mai iyali a nan. Biredi yana daskarewa, a riƙa ciro yanka-yanka. Madara, nama, dafaffen wake da miya duk haka. Kayan lambu da aka sayo a daskare ba su gaza ɗanyu amfani a jiki ba, ga sauƙi, ga shi ba sa ruɓewa a ƙasan firji. A tabbata firji bai wuce digiri 5 ba, firiza kuma tana kan 18 ƙasa da sifili. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a shekarar 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, wato kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Ka lissafa da yawan mutanen gidanka. Duk abin da ya shiga kwandon shara an biya kuɗinsa, an kuma ɗauko shi a hannu cikin sanyi. Kafin a fita cefane a buɗe firji a ga abin da ya rage, a tsara girkin kwana biyar a kansa, a bar kwana biyu don cinye saura. A rubuta abin da za a saya, kuma kada a shiga kanti da yunwa. Shinkafa dai a kula da ita: wadda ta rage a sanyaya ta da wuri a sa firji, kada ta kwana a tukunya a kan murhu, a kuma cinye ta washegari bayan ta yi zafi sosai.

Nama shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka a yawancin gidaje. Kaza sukutum ta fi yankakkiya sauƙi a kilo, cinya ta fi ƙirji. Idan mahaucin halal ne a unguwarku, ku tambaye shi farashin rabin rago ko kwalin kaza, gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba. Irin wannan haɗin gwiwa yana aiki a buhun shinkafa da jarkar mai, har da kantunan sari irin Costco da ake biyan kuɗin zama mamba duk shekara, wanda gida ɗaya ƙarami ba lallai ya mayar da kuɗinsa ba. A faɗi kason kowa tun kafin a saya, don kada zumunci ya ɓaci a kan kilo biyu. Kwana biyu ko uku a mako kuma wake, ƙwai ko kifin gwangwani su tsaya a madadin nama. Jan wake busasshe sai an jiƙa shi an tafasa shi da ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, in ba haka ba yana ɓata ciki.

Ruwan kwalba asara ce a Ingila, Jamus, Faransa da Holand, domin ruwan famfo na sha ne kuma hukuma na sa masa ido. A Jamus kada a yar da robar lemo ko gwangwani mai alamar Pfand, akwai santi 25 a kan kowace, injin bakin kanti zai mayar maka.

Yara na da nasu lissafin. Ƙananan ledojin ciye-ciye da lemon kwali na makaranta suna cin kuɗi shiru-shiru, kuma yaro da ya ga na abokinsa zai nema. Ba a hana shi gaba ɗaya, amma a sayi babba a riƙa ɗiba masa a ɗan mazubi. A tambayi makaranta kuma. A Ingila duk yaron da ke aji uku na farko a makarantar gwamnati yana da abincin rana kyauta ba tare da duba albashin iyaye ba, a Landan kuwa tun watan Satumba na 2023 an faɗaɗa shi ga dukkan 'yan firamare. Akwai iyayen da ke ɗaure wa yaro abinci kullum don ba wanda ya faɗa musu.

Idan kuma abin ya ƙi, wata ya yi nisa kuma firji ya koma fayau, don Allah kada kunya ta sa yara su kwana da yunwa. An kafa wuraren taimakon abinci ne saboda irin wannan ranar, kuma 'yan ƙasa masu aiki ma suna zuwa. A Jamus akwai Tafel, wadda ta fara a Berlin a 1993. A Faransa akwai Restos du Cœur tun 1985. A Birtaniya akwai rumbunan abinci na Trussell, waɗanda galibi sai an kawo takardar turawa daga wurare irin ofishin ba da shawara na Citizens Advice, makaranta ko likita, ga kuma masallatai da coci-coci da ke rabawa ba tare da dogon bincike ba. Manhajar Too Good To Go tana sayar da ragowar kayan gidajen biredi da kantuna da rahusa, sai dai ba ka zaɓar abin da ke cikin ledar, don haka mai kiyaye abin da yake ci ya tsaya kan gidajen biredi da masu kayan lambu.

Tallafin gwamnati daban yake da na ƙungiyoyin agaji, a nan kuma sai an yi hattara. Akwai Healthy Start a Ingila don masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 4, akwai shirye-shiryen tallafin abinci na WIC da SNAP a Amurka. Amma bizar ɗalibai da ta ma'aikata da yawa a Birtaniya tana ɗauke da sharaɗin cewa ba a taɓa kuɗin jama'a, wato yawancin tallafin gwamnati, kuma a Amurka cancanta ta danganta da irin takardar zaman mutum. Kada ku cike fom don maƙwabci ya ce shi ya samu, takardarsa ba irin taku ba ce. Ku ɗauki takardun zamanku ku je wurin mai ba da shawara kan shige da fice, ko ofishin ɗalibai na jami'arku, ku tambaya kafin ku sa hannu.