Yadda nake shirya wa iskar farkon damina a gidana na ƙauye

Sama da shekara 20 ke nan ina zaune a gidan nan, a bakin gari ta gabas, ƙasar Gumel. Tsakanina da gonaki babu ko gida ɗaya, don haka duk iskar da ta taso ni take fara gaisarwa. Sau biyu tana yaye mini rufi. Na farkon, kwanon ɗakin uwargida muka tsinto a gonar maƙwabci, ya nannaɗe kamar tabarma, katakon yana manne da shi. A ranar na gane laifin ba na kwano ba ne. Kafintan ya ɗora katako a kan bango kawai, bai ɗaure shi da komai ba.

Iska ba ta danne rufi, ɗaga shi take yi. Ta baki take shiga, ko ta ƙofa da taga in an bar su a buɗe, sai ta cika ɗaki ta tura sama. Saboda haka aikin duka na ɗauri ne, kuma da bazara ake yinsa, Maris zuwa Afrilu. Wanda ya jira hadarin Mayu da Yuni ya makara.

Fara da katakon da ke kwance a kan bango. A naɗe shi da langa-langa ko kwata rodi, a binne bakin a cikin gini, aƙalla layi biyu ko uku na bulo zuwa ƙasa. In ginin ƙasa ne, a huda bango a zura waya mai kauri, a ɗaura ta a jikin guntun itace ta ciki. Kowace kusurwa ta samu nata ɗaurin, gefen gabas kuma a ninka, don daga can hadarinmu yake tasowa. Ƙusa mai hula za ka saya, a buga ta a tudun kwano, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. A layin baki da na tsakiyar rufi ni ba na tsallake tudu ko ɗaya, ko kafinta zai yi ta gunaguni. Kada ka bar bakin kwano ya leƙo da yawa. In da hali, a ɗora masa rawani na bulo ya danne gefen, kamar yadda magina na da suke yi wa soro.

Duk shekara ina hawa da guduma ina ƙwanƙwasa katako. In ya yi ƙarar fanko, gara ta gama da cikinsa, ƙusa ba ta da abin riƙewa. Sabo sai na shafe shi da baƙin mai kafin a ɗora. Azarar giginya ta fi duka jure gara, sai dai yanzu samunta aiki ne.

Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke jerawa a kan kwano fa? Taya ba laifi. Dutse kam na daina, tun da na ga ɓarin bulo ya gangaro ya fasa randa a daidai inda yara ke zama.

Sai bishiya. Na shuka darbejiya layi biyu a gabas, nesa da gini yadda ko ta faɗi ba za ta kai bango ba. Dabarar ba tawa ba ce: a kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, tun 1975 ake jera ta layi-layi don kare gonaki daga iska. Amma wadda ke tsakar gida dole a rage mata kai kowace bazara, reshenta saurin tsagewa gare shi. Kada a kafa turken dabba a ƙarƙashinta.

Alamar zuwan iskar ba ta ɓuya. Zafi ya yi nauyi, ganye ya tsaya cak, gabas ta haɗe, sai jan ƙura ya taso kamar katanga. Daga nan 'yan mintuna ne. A gidana kowa ya san aikinsa. Uwargida ta kashe wutar murhu da ruwa, ba da toka ba, don garwashi ɗaya ya isa ya kama danga. Yara su kwashe kwanuka, faifai da tabarmi. Ni in rufe ƙofofi da tagogi in sa sakata. Sannan kowa ya shige tsohon ɗakin soro na mahaifina, wanda 'ya'yana suka so in rushe. Ba a fita bin kwano in ya tashi, yanka yake kamar wuƙa. Kuma ba ma zagin iska, Annabi (SAW) ya hana. Alherinta ake roƙo, a nemi tsari daga sharrinta.

Mutanen birni ma ba su tsira ba. Iskar da ta afka wa garin Bauchi a watan Yunin 2018, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, ta yaye gidaje masu yawa, ta karya turakun lantarki, an rasa rayuka. In ta lafa, kada wani ya taɓa wayar da ta faɗo.

Washegari da sassafe nake zagaya gida. Jinkar rumbu nake fara dubawa, don in ta goce ruwa na gaba hatsi zai jiƙa. Ina ajiye igiya, ƙusa kilo ɗaya da fallen kwano biyu a zaure tun bazara, saboda ranar da iska ta yi ɓarna kafinta ba ya samuwa, kuɗin kwano kuma a kasuwar Maigatari sai ya tashi.