Kare a Birtaniya: na gidan ceto ko ɗan asali?

Ba kasafai uwa ko uba ke fara zancen ba, yara ne. Da sun ɗan zauna a makaranta, sun ga abokansu ana zuwa ɗaukarsu da kare a bakin ƙofa, sai ka ji an fara: "Baba, mu ma a saya mana kwikwiyo." Wani kuma shi kaɗai yake zaune, kaɗaici ya ishe shi, ga duhun hunturu da ke sauka tun ƙarfe huɗu na yamma. Wani kuwa a gida ya saba da karen gadi, yana ganin nan ma ai sai da shi. Ko ta wace ƙofa zancen ya shigo, hanyoyi biyu ne a gabanka: ka je gidan ceton dabbobi ka ɗauki karen da ya rasa mai shi, ko ka je wurin mai kiwo ka sayi kwikwiyo ɗan asali mai takardar salsala. Ni ra'ayina a fili yake. Ga sabon zuwa, gidan ceto ya fi, kuma babban kare ya fi kwikwiyo.

Amma tukuna, ɗan'uwa, sai ka sauke abin da ka sani game da kare a gida. A Kano ko Zinder kare ma'aikaci ne. Yana bin 'yan farauta daji, yana bin garken Fulani, ko yana ɗaure a bakin get da rana a sake shi da dare. Ragowar tuwo ta ishe shi. A nan dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai kare alhakin abincinsa, makwancinsa, lafiyarsa, da ba shi damar yin rayuwa irin ta kare. Wanda ya ɗaure shi a bayan gida cikin sanyi, maƙwabta za su kira RSPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, kuma maganar tana iya kaiwa kotu. Haka nan tun 2014 dokar karnuka masu haɗari ta shafi har cikin gidanka: in karenka ya ciji ɗan aike ko mai kawo wasiƙa a farfajiyarka, kai ne a ciki. Idan ya ji wa mutum rauni, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5, idan ya kashe mutum har 14. Saboda haka in gadi kake nema, sayi kyamara da kwaɗo mai kyau, ka bar batun kare.

Ga Musulmi kuma akwai tambayar da ya kamata a kai wa malami kafin a kai ga zaɓe. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta, kiwo da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba don waɗannan ba. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma makwabcinka ɗan Somaliya ko ɗan Pakistan da kuke sahu ɗaya a masallaci wataƙila ba haka ya karanta ba, kuma zai iya ƙin shiga gidanka. Akwai ma wani abu da ya shafi zaɓen kai tsaye: Risala ta ambaci hani a kan sayar da karnuka, ta kuma ce an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa. Ba fatawa nake bayarwa ba. Ina cewa ne kada a bari sai kare ya kwana uku a falo, ya hau darduma, sannan a fara wannan muhawara tsakanin miji da mata. Karen nan a cikin ɗaki zai zauna, domin yawancin gidajen ceto ba sa ba wanda zai kwantar da shi a waje.

To, ga yadda gidan ceto yake. Manyan su ne Dogs Trust, RSPCA, Blue Cross, da Battersea da ke Landan tun 1860, ban da ƙanana da ke kusan kowane gari. Karnukan da ke can ba duka ne 'yan kan titi ba. Da yawa masu su ne suka rasu, ko suka tsufa, ko aure ya mutu, ko aka koma gidan hayar da ba a yarda da dabba ba. Wanda jami'in ƙaramar hukuma ya tsinta a titi kuwa, ana riƙe shi kwana 7 ko mai shi zai zo, in bai zo ba a nema masa sabon gida. Ba za ka shiga ka nuna wanda ya yi maka ka biya ka tafi ba. Fom za ka fara cikewa a intanet, sannan su kira ka. Gidan naka ne ko haya? Mai gidan ya amince a rubuce? Yara nawa, shekarunsu nawa? Akwai fili a baya, shingensa ya kai wane tsawo? Awa nawa karen zai zauna shi kaɗai a rana? Wasu za su zo su duba gidan da idonsu, ko su ce ka zagaya da su ta bidiyo. Sai a gayyaci kowa da kowa na gidan ku zo ku gana da karen, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Na san yadda wannan ke yi wa mutumin da ya gaji da tambayoyin ofishin biza. Sai ya ji kamar ana raina masa hankali, ko don baƙo ne. Ba haka ba ne, Baturen ma haka ake yi masa, kuma ana hana shi in bai cancanta ba. Ni dai ina ganin tambayoyin nan su ne mafi amfanin abin da gidan ceto ke bayarwa, domin su ne ainihin tambayoyin da mai sayarwa ba zai taɓa yi maka ba. Ɗauki batun awa huɗu. Shawarar ƙungiyoyin nan ita ce kada a riƙa barin kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Yanzu dubi yadda yawancinmu ke aiki: kula da tsofaffi awa goma sha biyu, aikin dare a sito ko asibiti, miji ya shigo mata ta fita. Karen da aka kulle tun asuba zai yi ta haushi, ya cinye ƙafar kujera, ya ɓata kafet ɗin mai gida, maƙwabta su kai ƙara. Gara a faɗa maka wannan a waya, kyauta, da ka gano shi bayan ka kashe fam dubu biyu.

Kuɗin ɗauka a gidan ceto galibi fam ɗari biyu ne zuwa ɗari uku da wani abu. A ciki an riga an yi masa allurar rigakafi, an ba shi maganin tsutsa da ƙuma, yawanci an dandaƙe shi, an kuma saka masa 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. Wannan na'ura dole ce tun 2016, rashinta na jawo tarar da ta kai fam 500. Za su kuma gaya maka halinsa kamar yadda suka gani: yana jure yara ko ba ya jurewa, yana tsoron maza, yana bin kyanwa, ya iya riƙe fitsari har a fita da shi. Babban kare ya riga ya zama abin da zai zama. Girmansa ke nan, halinsa ke nan.

Abin da ya fi komai nauyi a wurina shi ne sharaɗin mayarwa. A yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, galibin gidajen ceto suna rubuta cewa in ka kasa riƙe karen, su za ka dawo wa da shi. Kare yana kai shekara goma zuwa goma sha biyar. Kai kuwa bizarka ta shekara nawa ce? Ta karatu ce, ko ta aikin da ke rataye a wuyan kamfani guda? Mahaifiya na iya kwanciya ciwo a gida a ce ka taho. Aiki na iya mayar da kai wani gari inda ɗaki ɗaya kawai za ka samu. Mutumin da bai san inda zai kasance nan da shekara uku ba yana bukatar ƙofar da zai mayar da amana ba tare da ya yasar da ita ba.

Ba zan ɓoye wahalar wannan hanya ba. Ana jira, wani lokaci watanni. Masu ƙananan yara sun fi shan wuya, domin karnuka da yawa an rubuta musu "ba gidan yara ba". Wasu karnukan kuma sun zo da tabon abin da aka yi musu, sai an yi haƙuri na makonni kafin su saki jiki. Wanda bai taɓa riƙon kare ba ya faɗi gaskiya tun a fom, kada ya karɓi mai wuyar hali don tausayi.

Ɗan asali kuwa yana da hujjarsa, ba na musu. Ka san girman da zai kai, yawan gashinsa, da abin da aka ƙirƙiri irinsa dominsa. Ka kuma rene shi da hannunka tun yana ƙarami tare da yaranka. Ga mu 'yan Nijar da arewacin Najeriya ma akwai abin alfahari a nan: siririn karen Buzaye na kwarin Azawak yau yana cikin jerin karnuka masu asali a Turai, da sunansa Azawakh. Sai dai takardar Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar karnuka masu asali, shaidar salsala ce, ba shaidar lafiya ba. Yawan haɗa dangi da dangi don a fitar da siffa ɗaya ya bar wa irin da yawa ciwon gado. French Bulldog da Pug, masu shafaffiyar fuskar nan da yara ke so, da yawansu numfashi ma wahala yake yi musu, minsharin da mutane ke ɗauka abin sha'awa alamar toshewar hanyar iska ce, kuma gyaranta tiyata ne. German Shepherd, wanda muke kira karen 'yan sanda, yana fama da ciwon ƙugu. Cavalier King Charles da ciwon zuciya, Dachshund da ciwon ƙashin baya. Barbarar yanyawa ma yana ciwo, amma wanda ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan ya sayi rariya, kada ya yi mamaki in ta zubar da ruwa.

A tuna kuma babu NHS na dabbobi, wato babu asibitin gwamnati na kyauta irin na mutane. Kowace ganin likita kuɗi ce, tiyata ɗaya tana iya cin dubban fam. Ƙungiyar PDSA tana taimaka wa marasa ƙarfi, amma sharaɗinta shi ne kana karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati, kuma yawancin sababbin zuwa bizarsu ta hana su taɓa wannan tallafi. Ke nan inshora ta zama tilas, kuma ta masu shafaffiyar fuska ta fi tsada nesa ba kusa ba.

In duk da haka kwikwiyo ɗan asali ka zaɓa, to ka riƙe doka guda: sai ka gan shi tare da uwarsa, a gidan da aka haife shi. Tun watan Afrilun 2020 aka haramta wa dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba a Ingila, sai dai daga hannun mai kiwon kai tsaye ko gidan ceto. Ba a raba shi da uwa kafin sati takwas. Wanda ke fitar da haihuwa uku ko fiye a shekara dole ya mallaki lasin ƙaramar hukuma, ka nemi lambarsa. Ka nemi sakamakon gwajin lafiyar iyayen, ka duba yadda karyar ke yi da 'ya'yan, domin akwai masu aro wata su ajiye don a gani. Duk wanda ya ce ku haɗu a wurin ajiye motoci, ko zai kawo maka har gida, ko ka tura kafin alƙalami kafin ka gani, rabu da shi. Ko damfara ce, ko kwikwiyon ya fito daga gonar da ake tara karyoyi a keji suna haihuwa ba hutu, ko an yi fasa-ƙwaurinsa daga gabashin Turai. Mai kiwo na ƙwarai zai yi maka tambayoyi kamar na gidan ceto, kuma zai sa ka jira.

Akwai irin da ba a ma zancensu. Pit Bull Terrier, Japanese Tosa, Dogo Argentino da Fila Brasileiro haramtattu ne a ƙarƙashin dokar 1991. An ƙara XL Bully: tun ƙarshen 2023 laifi ne a sayar da shi ko a bayar da shi kyauta a Ingila da Wels. Hukuma siffar kare take dubawa, ba sunan da mai sayarwa ya kira shi ba. Yanke kunne ma, da ake yi wa karnukan gadi a gida, haramun ne a nan.

Ga wanda zuciyarsa ke ga kare mai asali amma yana son kariyar gidan ceto, akwai tsaka-tsaki. Kusan kowane iri yana da ƙungiyar da ke ceton nasa. Ni wanda nake yawan nuna wa mutanenmu shi ne Greyhound da ya yi ritaya daga tsere, wanda ƙungiyar Greyhound Trust ke nema wa gidaje. Da ka gan shi za ka tuna karnukan farautarmu: dogo, siriri, gajeren gashi. Ba shi da yawan haushi, barci ya fi yi, fita biyu a rana ta ishe shi. Illarsa ita ce in ya hango kyanwa ko zomo jininsa na tashi, don haka ba a sakin igiyarsa a fili, wasu ma da takunkumi ake fita da su.

Ko wanne ka ɗauka, abin wuya mai sunanka da adireshinka dole ne a waje, kuma leda ba ta barin aljihunka, domin kwashe kashinsa aikinka ne, wanda ya bari ana iya cin sa tarar da ta kai fam 100 nan take. Sai batun zuwa gida. In kuna tafiya hutun bazara ko babbar salla na sati shida, wa zai riƙe shi? Ba kowane ɗan'uwa a unguwa ne zai yarda kare ya kwana masa a ɗaki ba, gidan ajiya kuwa kullum ake biya. Tafiya da shi ma ba sauƙi: Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ke da ciwon haukan kare, dawo da shi sai da allura, gwajin jini da takardu, ga kuɗin jirgi. A lissafa wannan tun yanzu a cikin kuɗin shekara.

Idan lissafin bai fita ba, ko ba ku tabbata ba, ku nemi riƙo na wucin gadi. Gidajen ceto da yawa suna neman iyalan da za su riƙe kare na makonni kafin a samo masa gida na dindindin, su ne ke biyan abinci da likita. A nan za ku gane ko yaran da suka yi alkawarin fita da shi za su tashi ƙarfe shida cikin ruwan watan Janairu, ko kuwa aikin zai dawo kan uwarsu.