Yadda sabon mai kula da ma'aikata zai riƙe sashe a injin casar shinkafa

A masana'antun shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu, kamar a yawancin wuraren aiki, wanda hannunsa ya fi faɗawa a kan inji shi ake ɗagawa a damƙa masa mutum goma ko ashirin. Daga ranar kuwa ba da aikin hannunsa za a auna shi ba, sai da abin da mutanensa suka fitar. Wanda bai gane haka ba, da bel ya tsinke sai ya tuɓe riga ya shiga gyara, ya bar sikeli da sito da masu ɗinkin buhu babu mai dubawa.

Ka iso minti goma sha biyar kafin mutanenka. Karanta littafin miƙa aiki, wanda ya kamata kowane sashe ya ajiye: buhu nawa aka casa, wane inji ya tsaya, ƙarfe nawa ya tsaya, me aka yi masa, man janareta nawa ya rage. Mai sauka da mai karɓa duk su sa hannu. Inda babu littafin nan, masu aikin dare da na rana ba sa rabuwa da ɗora wa juna laifi, kai kuma ba ka da hujjar raba gardama. Sannan ka auna danshin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Kusan kashi 14 cikin ɗari ake so. In ta bushe fiye da kima ko ba ta gama bushewa ba, tsaki zai yi yawa, kuma gara a gano tun ba a zuba ta a inji ba.

Taron safe a tsaye ake yin sa, kada ya wuce minti goma. Abin da za a fitar yau, wa ke ina, da abin da ya ɓaci jiya.

Wurin ba da umarni ne aka fi tafka asara. "A kwashe buhunan nan" ba umarni ba ne, don kowa zai ɗauka da na kusa da shi ake. Ka kira mutum ɗaya, ka faɗi aikin da adadi da lokaci: "Malam, kai da mutum huɗu ku kai buhu 200 sito na biyu kafin azahar, a jera su kan katako, kada su taɓa bango." Kada ka tambaya ko ya gane, kunya za ta sa ya ce e. Ce masa ya maimaita maka. In ka wakilta wani, ka sanar da mai sito da direba a gabansa cewa yau shi ke riƙe da lodi, in ba haka ba ka ba shi nauyi babu iko. Ka leƙa aikin yana tsaka, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Gyaran kuskure a keɓe ake yi, kuma a ranar da abin ya faru. Fara da tambaya, domin sau da yawa buhun da bai cika kilo 50 ba laifin sikeli ne. Ka tsaya kan abin da aka yi, ban da zancen hali ko asali. In dattijo ne, muryarka ta sauka amma maganar kada ta canza: "Baba, a yi haƙuri, sau biyu ke nan ana barin inji yana aiki babu kowa a kansa, yaya za mu yi?" Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gargaɗin baki ma ka rubuta ranarsa. In an sake, takardar tuhuma. In an kuma, magana ta wuce ofishin manaja.

Kada fushi ya kai ka ga yanke albashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara, ko asara ya jawo da sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Dokar ta kuma ba wanda ya yi awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya cikin kowane bakwai. Ka haɗa hutun da lokacin salla, ana fita rukuni-rukuni don kada inji ya tsaya. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, da kuma watan azumi, dako da lodi su koma safiya.

Kuɗin ƙarin lokaci shi ya fi haddasa gunaguni, musamman in akwai ɗan'uwanka ko ɗan unguwarku a sashen. Liƙa jadawali a bango, ana bi layi-layi. Haka izinin zuwa gona: wasu daga cikin ma'aikatan nan suna da 'yar fadamarsu, don haka kafin girbi da mako biyu ka tambayi kowa ranakun da yake so, ka tsara yadda ba za a rasa mutum biyu daga inji ɗaya a rana ɗaya ba.

Rahoton da za ka kai wa manaja ya zo da lamba: awa nawa aka tsaya, buhu nawa aka rasa, wane kayan gyara ake bukata. Mummunan labari a kai shi nan take, kafin motar mai saye ta iso bakin ƙofa.