Hodar anzim a abincin kaji: kurakuran da masu kiwo ke ta maimaitawa a Damagaram

Na gaji da jin "na sayi hodar nan, ba ta yi min komai ba." Sau da yawa lafiyarta ƙalau ta iso, a hannunmu take lalacewa.

Aikin anzim irin su selulaz da zilanaz shi ne farfasa ɓangaren dusa mai tauri, wanda cikin kaza ba ya iya narkarwa. Daga funfuna ake samar da yawancinsu. Funfunar da ta fi suna, Trichoderma reesei, an gano ta ne lokacin yaƙin duniya na biyu tana cinye tantunan auduga na sojojin Amurka a tsibiran Solomon.

Zafi ne babban mai kashe hodar, kuma shi ya ci mini kuɗi. Anzim furotin ne kamar farin ƙwai, in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Wata bazara na bar tawa a shago mai rufin kwano, ga Afrilun Damagaram da ke wuce digiri 40 ko a inuwa. Na ci gaba da zubawa, kashin kaji na nan da danƙo, ƙwai bai ƙaru ba, ga dusar alkama da na ƙara don na dogara da hodar. Har yau ina ganin masu kwaɓa dusa da tafasasshen ruwa su barbaɗa hoda a kai tana tururi. Haba jama'a! Wannan ai zubar da kuɗi ne. Ni yanzu kaɗan nake saye, in rufe a gwangwani, in ajiye a ɗakin ƙasa inda ba rana ba laima.

Sai gaurayawa. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, giram ɗaruruwa a tan guda, amma mutum ya watsa a kan tulin abinci ya juya da shebur sau biyu ya ce ya gama. Wasu kajin su ci da yawa, sauran ko ɗanɗano. Nakan fara cuɗa ta da tiya ɗaya ta dusa, in haɗa da tiya goma, sannan in zuba cikin sauran.

Masu kiwon ragunan layya kuma, ku daina barbaɗa ta a busasshen karan hatsi kuna jiran ƙiba. Tumbin rago cike yake da ƙwayoyin halitta masu wannan aikin. Karan da ya shekara a gona lignin, wato sinadarin da ke sa tsiro tauri, ya riga ya mai da shi itace, selulaz kuwa ba ta cin lignin. Ku yanke shi da wuri, ku sassara, ku haɗa da harawa.

A duba ranar ƙarewa a jikin leda. Kada a ninka awo, ba ya ninka amfani. Hodar ba maganin cuta ba ce, kuma ba ta maye gurbin ƙuli ko waken soya a abincin kaji masu ƙwai.