Darasi na Biyar: Karanta Allunan Gargaɗi a Wurin Aiki

A darasin da ya gabata mun koyi rubuta suna da adireshi a takardar neman aiki. Yau za mu shiga cikin ma'aikatar. Tun kafin wani ya yi muku magana, bango ya riga ya yi, domin kusan kowace ƙofa da kowane inji akwai allo a jikinsa.

Ku fara da launi da siffa, haruffa su biyo baya. Ƙasashe da yawa suna bin tsari ɗaya mai suna ISO 7010, wanda aka fara fitarwa a 2003, don wanda bai iya harshen ƙasa ba ya gane gargaɗi da ido. Jan da'ira da aka ja layi a tsakiyarta hani ce: kada a sha taba, kada a shiga. Allo mai kusurwa uku, rawaya da baƙin baki, yana nufin akwai haɗari a kusa. Shuɗiyar da'ira umarni ce, ko a sa hular kwano, ko safar hannu, ko tabarau. Kore kuwa yana nuna hanyar tsira da akwatin taimakon farko. Jan allo mai kusurwa huɗu, nan kayan kashe gobara suke.

Sai kalmomi. Guda uku za ku fi gani: DANGER, WARNING da CAUTION. Duk gargaɗi ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. A Amurka ana rubuta DANGER a kan ja, kuma shi ne mafi tsanani, wato abin na iya kisa. WARNING a kan ruwan lemo yake, CAUTION a kan rawaya, kamar ƙaramin allon nan da ake ajiyewa bayan an goge daɓe, mai ɗauke da WET FLOOR, ma'ana ƙasa a jiƙe take.

EXIT ita ce ƙofar fita. A Turai za ku ga hoton mutum yana gudu a kan koren allo, a Amurka kuma sau da yawa kalmar ce kawai da jan rubutu. Wannan kan ruɗa sabon zuwa, don ya koyi cewa ja hani ne. Ku nemi wannan ƙofa tun ranar farko.

Akwai kuma PUSH da PULL a jikin ƙofa, tura da jawo. Mai jin Hausa kan sha wahala a nan, saboda a bakinmu p da f ɗaya suke, sai PULL ta koma FULL, wadda ke nufin a cike. Ku haɗe leɓɓanku biyu, ku sake su da iska, p ke nan. Ba abin kunya ba ne ku yi ta maimaitawa a gaban madubi.

Idan kun ga allon da ba ku gane ba, kada ku gyaɗa kai don gudun a ce ba ku iya ba. Ku nuna shi da yatsa, ku ce wa mai kula da aiki: What does this mean? Wato, mene ne ma'anar wannan? Idan ya yi sauri, ku ce: Please say it again slowly.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zana allo ba tare da rubutu ba, ɗayan ya faɗi ma'anarsa da Hausa, sannan da Turanci. Malami ya bar masu saurin ganewa su taimaki na kusa da su.

Aikin gida: ku kwafo kalmomi biyar daga allunan wurin aikinku da manyan baƙaƙe, yadda kuka gan su, har da launin kowanne. Wanda bai sami aiki ba tukuna ya duba tashar jirgin ƙasa ko asibiti. Ku zo da su ranar darasi na shida.