Yadda Ake Gyara Shafin Intanet Domin Ya Fito A Binciken Google

Kafin shafi ya bayyana ga mai bincike, sai wata manhaja mai suna Googlebot ta zagayo ta karanta shi, ta adana shi a rumbun Google, sannan a auna shi da sauran shafukan da suka yi magana a kan abu ɗaya. Aikin da ake kira SEO shi ne sauƙaƙa wa wannan manhaja fahimtar abin da ka rubuta, ba tare da ka gundurar da mai karatu ba.

Mataki na farko shi ne gano kalmomin da mutane suke rubutawa da hannunsu. A ce kana da bayani a kan kilishi. Buɗe Google a wayarka, ka rubuta "yadda ake", ka tsaya ka duba jimlolin da yake ƙarasa maka da kansa, domin daga binciken jama'a ake samo su. Za ka lura cewa mai nema ba ya rubuta "dabarun sarrafa busasshen nama", abin da yake rubutawa shi ne "yadda ake kilishi a gida". To, wannan jimlar ita ce jarinka, ko da kuwa kana ganin ta farkon ta fi nuna gwaninta.

Daga nan sai taken shafi, wato shuɗin layin da ake latsawa a sakamakon bincike. Ka sa kalmomin nan a farkonsa, kuma kada ya zarce haruffa 60 ko kusa da haka, domin Google yakan datse abin da ya wuce. A ƙarƙashinsa akwai gajeren bayani na kimanin haruffa 155. Ba ya ɗaga matsayin shafi kai tsaye, amma shi ne tallar da ke jawo mutum ya shigo. Adireshin shafin kuwa ya zama gajere, a raba kalmominsa da karan ɗori, kuma shawarata ita ce a bar haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ a cikin rubutu kawai, saboda a adireshi sukan rikiɗe su zama tarkacen alamomi idan aka tura wa wani ta WhatsApp.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne rubutun kansa. Ka amsa tambayar tun a sakin layi na farko, ka raba sauran da ƙananan kanu: irin naman da ake zaɓa, yadda ake feɗe shi falle-falle, haɗin labu da yaji, shanya, sannan gashi. Wasu sukan cusa kalma ɗaya sau talatin da zaton wayo ne, alhali wannan dabarar ta daɗe da mutuwa. Tun a shekarar 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake sawa a wani gurbi na shafi da mai karatu ba ya gani (meta keywords), a 2011 kuma ya fito da sauyin tsarin jera sakamako mai suna Panda wanda ya dusashe shafukan da ba su da abin kirki a ciki. Wanda ya kwafo rubutun wani ya liƙa ma bai tsira ba.

Sai batun sauri. Google yana auna shafi ne da yadda yake fitowa a waya, kuma mai ƙaramar data ba zai zauna jiran hoto mai megabait 5 ya buɗe ba. Ka rage nauyin hotuna kafin ka ɗora su, ka rubuta wa kowanne ɗan bayanin abin da ke cikinsa, ka gwada shafin a PageSpeed Insights, manhajar Google mai auna saurin shafi. Ka tabbata adireshinka yana farawa da https, wanda Google ya fara ba shi maki a 2014.

Game da mahaɗai, wato rubutun da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, asalin tsarin auna darajar shafi mai suna PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ya ginu ne a kan ƙirga shafukan da suke nuni zuwa gare ka. Ka haɗa shafukanka da juna, ka nemi shafuka masu mutunci su ambace ka, amma kada ka sayi mahaɗai, domin sauyin Penguin na 2012 su ya zo hukuntawa.

A ƙarshe ka yi rajista a Google Search Console, dandalin da ke nuna maka yadda shafinka yake fitowa a bincike, wanda kyauta ne, ka miƙa taswirar shafukanka, wato jerin adireshinsu. Bayan wasu makonni ka koma ka duba kalmomin da suka kawo maka masu karatu, ka gyara taken duk shafin da ake gani amma ba a latsawa.